Farin Haƙori da Lafiyar Haƙori

Jama'a, karatunmu na yau a kan haƙora ne. Ko wanenmu yana so in ya yi dariya a ga haƙoransa fari fat. Wannan ba laifi ba ne. Amma farin haƙori dabam, lafiyarsa dabam. Akwai saurayi mai farin haƙori wanda ba ya iya kurɓar ruwan randa da safe sai ya dafe kunci. Akwai kuma tsoho mai jan baki don cin goro, yana tauna aya da ƙuliƙuli, ko haƙori ɗaya bai rasa ba. Za mu duba abin da ya raba su.

Yadda haƙori ya ke

Haƙoran yaro guda 20 ne. Su kan fara tsirowa yana da wajen wata 6, su cika kafin ya gama shekara 3. In ya kai wajen shekara 6 sai ya fara famfara, na manya su riƙa maye gurbinsu. Haƙoran babba guda 32 ne in duk sun fito. Daga waɗannan babu wasu. Wanda ya tafi ya tafi ke nan.

Ko wane haƙori hawa uku ne. Na waje shi ne ɓawo, watau farin nan da mu ke gani. Duk jikin mutum babu abin da ya kai shi tauri, har ƙashi. A ƙarƙashin ɓawo akwai jikin haƙori. Shi launinsa rawaya-rawaya ne, bai kuma kai ɓawo tauri ba. Can tsakiya kuwa akwai ɓargo, inda jijiyoyi da jini su ke. Shi ne mai jin zafi.

Ku tuna da kwanon ƙarfe mai fenti, irin wanda mata ke jerawa a ɗaki. Muddin fentin yana nan, kwano yana ƙyalli, ruwa ba ya yi masa kome. Ran da fenti ya ɓantare, baƙin ƙarfe ya bayyana, sai tsatsa ta samu ƙofa. To, ɓawon haƙori shi ne fentin. Fata in ta yanke ta kan warke, farce in an yanke ya kan tofo, ƙashi in ya karye ya kan ɗoru. Amma ɓawon haƙori in ya zaizaye ba ya komowa. Ku riƙe wannan, domin sauran karatun duk a kansa ya tsaya.

Abin da ke ɓata launin haƙori

Ɓacin launi iri biyu ne. Akwai na waje, akwai na ciki.

Na waje shi ne rinin da abin da mu ke ci ya ke bari a bisa ɓawo. Goro ne babba a wurinmu. Sai taba, ko ta sha ko ta gari, sai shayi, da gahawa, da zoɓo. Akwai kuma dauɗar abinci da ke manne wa gindin haƙori. In ba a goge ta ba sai ta daskare ta yi tauri kamar ƙanzo a gindin tukunya, ta yi ta kwasar rini. Wannan iri yana da sauƙi, gama a bisa ya ke.

Na ciki shi ne mai wuya. In mutum yana tsufa ɓawonsa yana raguwa, rawayar ciki tana ƙara lekowa. Wannan ba cuta ba ce. Haƙorin da aka buge, ɓargonsa ya mutu, ya kan yi duhu shi kaɗai cikin 'yan'uwansa. Akwai kuma kafson nan mai ja da rawaya, wanda likitoci ke kira tetirasaikilin. In mai ciki ta sha shi, ko aka ba yaron da bai kai shekara 8 ba, ya kan shiga cikin haƙoran da ke ginuwa, su fito da launin toka ko ƙasa-ƙasa har ƙarshen rai. Ku daina saye wa yara shi a kasuwa don sun yi gudawa.

Wani lokaci kuwa ruwan sha ne. Akwai wani sinadari a cikin duwatsun ƙasa, sunansa fuloraid, ya kan narke cikin ruwan rijiya. A shekarar 1901 wani likitan haƙori, Frederick McKay, ya sauka a jihar Kolorado ta Amurka, ya tarar da mutanen wurin haƙoransu duk da tabo mai launin ƙasa. Ya kuma lura haƙoran nan masu tabo ba su cika ruɓewa ba. Sai a 1931 aka gane ruwansu ne fuloraid ya yi wa yawa. Daga nan aka fahimci sinadarin kamar gishiri ya ke a miya. Kaɗan yana ƙarfafa ɓawo, mai yawa yana ɓata shi. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce kada ya wuce miligiram 1.5 a cikin lita ɗaya ta ruwan sha.

Abin bai tsaya a Amurka ba. An same shi a ƙasar Langtang ta Jihar Filato. A Tibiri ta ƙasar Maraɗi kuwa, ruwan wata rijiyar burtsatse da aka haƙa cikin shekarun 1980 ya ɓata haƙoran ɗaruruwan yara, har ya tanƙwara wa wasu ƙasusuwa. Saboda haka in kuka ga yaran ƙauye ɗaya duk haƙoransu da tabo iri ɗaya, kada ku zarge su da ƙazanta. Ku kai magana ga dagaci da malamin tsabta, a ɗebi ruwan a auna. Tafasa ruwa ba ya fid da fuloraid.

Duk irin wannan tabo na ciki, ko mutum ya kwana yana guga ba zai fita ba. Sai dai ya cinye ɓawonsa a banza.

Dabarun gida da na kasuwa

Dabarun da mutane ke yi a gida, ko dai kankara ne ko kuwa tsami.

Masu kankara su ne gawayi, da toka, da yashi, da ɗanyen gishiri, da kanwa. Wani zai ce, "Malam, ai kakata da gawayi ta ke goge baki, haƙoranta kuwa fari tas." Gaskiya ne gawayi yana fid da rinin goro, kamar yadda toka da yashi ke fid da baƙin tukunya. Amma wace mace ce za ta darje kwanon jerenta da yashi ko wace safiya? Abin da ke kankare rinin shi ne ke kankare ɓawon. Yau kaɗan, gobe kaɗan. Bayan 'yan shekaru sai ɓawo ya yi siriri, rawayar ciki ta fito, mutum ya ga haƙoransa sun fi da rinewa. Sai ya ƙara guga, abin ya ƙara lalacewa. Yanzu har makilin na gawayi a ke sayarwa cikin kwali mai kyau. A shekarar 2017 wasu likitocin haƙori a Amurka suka bi abin da aka rubuta a kansa, ba su sami hujjar da ta isa a ce yana da amfani ko ba shi da illa ba. Kaka kuwa, ku tuna ba ta shan lemun kwalba, shayinta ma ba kullum ba ne.

Tsami ya fi kankara mugunta. Ku duka kun san in mutum ya sha tsamiya ko ɗanyen mangwaro ya kan ce haƙoransa sun mutu. Wannan mutuwa ba wani abu ba ne illa tsami ya taɓa ɓawo ya tausasa shi. Wanda ya matsa lemun tsami cikin gishiri ko kanwa ya goga wa haƙoransa ya haɗa ɓarna biyu ke nan, ya jiƙa bango sa'an nan ya sa masa fartanya.

Sai kuma mai magani na ranar kasuwa. Kun san shi. Ya kan zo da 'yan kwalabe ba suna ba lamba. Ya kira wani yaro mai jan haƙori, ya tsoma auduga cikin wani ruwa, ya goga wa haƙori ɗaya. Nan da nan haƙorin ya yi fari kamar alli, jama'a su yi ta mamaki suna zaro kuɗi. Ku lura da kyau, farin nan ba ya ƙyalli. Ruwan da ke yin haka cikin ƙiftawar ido galibi ruwan asid ne, ɗan'uwan ruwan batir. Ya cinye saman ɓawo ne. Wurin da ya ci ya zama kaushi-kaushi, kaushi kuwa ya fi santsi kama rini. Kafin wata ya zagayo haƙorin ya fi da ja, ruwan sanyi da iska suna soka shi, mai magani kuwa yana wata kasuwa. A ganina sayen wannan ruwa ya fi zubad da kuɗi a rijiya muni, gama mai zubarwa a rijiya kuɗinsa kaɗai ya rasa.

Haka nan ruwan bilic na wanki, da ruwan batir, da fetur, ba a sa su a baki, ko don fari ko don ciwon haƙori. Suna ƙona dasashi, in an haɗiye su ƙona maƙogwaro. Ƙwayar asfirin ma haɗiye ta a ke yi. In an danna ta a jikin haƙori mai ciwo, dasashi ta ke ƙonawa. Duk abin da za ku saya na baki, ku duba ko yana da lambar hukumar NAFDAC da ranar lalacewarsa. Ga amfanin karatun da ku ke koyo nan ya zo.

Akwai abin da ya kamata mu tuna. A zamanin kakanninmu mata, jan haƙori shi ne ado. Mace ta kan ci goro, ta goga furen taba, bakinta ya yi ja wur, a ce ta yi kwalliya. Yau fari a ke yayi. Wa ya san abin da jikokinmu za su so?

Abin da likita ke yi

Abu na fari da likitan haƙori zai yi shi ne wankin haƙori. Yana da ƙarfe na musamman da ke ɓamɓare ƙanzon nan da rinin goro da na taba, ba tare da ya ci ɓawo ba. Mutane da yawa wannan kaɗai ya ishe su. Wasu suna tsoro, wai wanki yana sa haƙora girgiɗi, yana buɗe tsakaninsu. Ba haka ba ne. Ƙanzon ne ya riga ya ci dasashi, ya zauna a wurin ya rufe ɓarnar. Da aka ɗauke shi sai ɓarnar ta bayyana. In an bar shi, gaba zai ci har haƙori ya faɗi.

In tabon na ciki ne, akwai maganin da ke ratsa ɓawo ya kashe launin ba tare da kankara ba. Sunansa haidirojin feroksaid, dangin ruwan nan mai kumfa da a ke wanke gyambo da shi. Yana aiki, amma sai an auna. A shekarar 2011 ƙasashen Tarayyar Turai suka yi doka a kansa. Abin da mutum zai saya a kanti da kansa kada maganin ya wuce kashi 1 cikin 1,000. Likitan haƙori kaɗai ke da ikon ba da mai ƙarfi, shi ma kada ya wuce kashi 6 cikin 100, kada kuma a yi wa wanda bai kai shekara 18 ba. In ƙasashen da likitoci suka wadata sun ja wa abin linzami haka, mu mun fi su bukatar hattara. Kada wani ya sayo na wankin gyambo ya riƙa kurkure baki da shi.

Ko a hannun likita, haƙora su kan yi tsami-tsami kwana biyu ko uku, dasashi ya yi zafi in maganin ya taɓa shi. Ba a yi wa mai ciki ko mai goyo. Ba a yi sai an cike kogo an warkad da dasashi tukuna. Ba ya canza launin ciko ko haƙorin roba. Farin kuma ba ya dawwama, musamman ga wanda ya koma wa goro da taba. Mai ɗan kuɗi kaɗan, shawarata ya kashe su wajen wanki da cike kogo.

Abinci da haƙora

Mu kan ce tsutsa ce ke cin haƙori. An tona haƙora ba iyaka, ba a taɓa samun tsutsa ba. Akwai dai ƙwayoyin cuta, ƙanana ƙwarai, ido ba ya ganinsu, suna zaune cikin dauɗar nan da ke manne wa haƙori. Abincinsu sukari. In sun ci sai su fid da tsami, tsamin ya riƙa narkad da ɓawo a wuri ɗaya har ya huda. Wani likita ɗan Amurka, W. D. Miller, shi ya bayyana wannan tun 1890. In rami ya isa jikin haƙori sai zaƙi da sanyi su fara soka. In ya isa ɓargo, to, ranar nan babu barci.

Allah ya ba mu mai gadi, shi ne yau. Yau yana wanke tsamin, yana kuma mayar wa ɓawo ɗan abin da ya rasa tun bai huje ba. Amma yana bukatar kamar rabin sa'a ko fi bayan ko wane ci. Saboda haka yawan maimaitawa ya fi yawan sukarin kansa ɓarna. Yaron da ya sha alewa biyar a zama ɗaya bayan tuwo, haƙoransa sun sha wuya sau ɗaya. Wanda ya riƙa tsotsarsu ɗaya ɗaya daga hantsi har la'asar, bai ba yau sararin aiki ba duk yini. An tabbatar da wannan a wani gwaji da aka yi a asibitin Vipeholm na ƙasar Suwidin, aka buga sakamakonsa a 1954. Waɗanda aka ba alewa mai danƙo tsakanin abinci su suka fi ruɓewar haƙora. Gwajin an yi shi ne a kan masu taɓin hankali ba da yardarsu ba, abin da bai kamata a yi wa ɗan Adam ba.

Da dare yau ya kan ragu. Shi ya sa zaƙin dare ya fi na rana ɓarna. Uwar da ta kwantar da jariri da bulumbotin shayi ko lemu a baki, haƙoransa na gaba su kan ruɓe tun bai iya magana ba.

Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawara a 2015. Ga babba, sukarin yini ɗaya kada ya wuce kamar giram 50, watau ƙaramin cokali 12. In an tsaya a cokali 6 ya fi. Ku lissafa. Kwalba ɗaya ta lemu ta kan ƙunshi cokali 8 ko 9. Sa'an nan ga na mai shayi, ga na koko, ga na fura, ga na zoɓo. Zuma da mazarƙwaila su ma suna cikin lissafi. Lemun kwalba kuwa ya haɗa zaƙi da tsami wuri ɗaya. In kun sha abu mai tsami ku kurkure baki da ruwa, ku dakata rabin sa'a kafin ku goge, gama a lokacin ɓawo ya yi laushi.

Abincin da ke gina haƙora yana nan a gidajenmu. Nono, da kindirmo, da cuku, da ƙananan kifi da a ke ci har ƙaya, da zogale, da kuka, da riɗi, da wake. Mai ciki da mai goyo da ƙananan yara su suka fi bukatarsu, domin haƙori yana ginuwa ne tun a ciki, tun kafin ya tsiro. Dasashi kuma yana son ɗanyun 'ya'yan itace, kamar gwaba, da gwanda, da mangwaro, da lemun zaƙi, da tumatir. Wanda ya daɗe bai sami irinsu ba dasashinsa ya kan kumbura ya riƙa jini.

Akwai wata muguwar cuta da yunwa ke buɗe wa ƙofa. Likitoci suna kiranta noma, ba noman gona ba. Ta fi kama yara 'yan shekara 2 zuwa 6 waɗanda ba su samun abinci mai gina jiki, musamman bayan ƙyanda ko zazzaɓi. Ta kan fara da ɗan miki a dasashi, baki ya yi wari, kunci ya kumbura. Cikin 'yan kwanaki sai ta huda kunci. Yawancin yaran da ba a kai asibiti ba mutuwa su ke yi. In kuwa an kai da wuri, maganin kashe ƙwayoyin cuta yana tsai da ita. Ba a ɗaukarta daga wani, ba kuma aikin iska ba ne. Akwai asibitinta na musamman a Sakkwato tun 1999. Ku riƙa buɗe bakin yaranku kuna dubawa. In kun ga miki da wari da kumburi, kada a kwana.

Manya kuma, musamman masu taba, duk mikin baki da ya yi mako biyu ko uku bai warke ba a nuna wa likita, domin taba tana kawo ciwon daji na baki.

Goge baki

A goge sau biyu a yini, da safe da kuma lokacin kwanciya. Na dare ya fi muhimmanci. Aswaki abu ne mai kyau, addini ma ya kwaɗaitar da mu yin sa. Na darbejiya da na marke duk suna aiki. A tauna bakinsa ya yi laushi, a bi haƙora ɗaya ɗaya, ciki da waje, daga dasashi zuwa baki. Yawo da shi a gefen baki kamar sigari ba guga ba ne. Mai buroshi ya nemi mai laushi, ya goga a hankali kamar minti biyu. Ƙarfi ba ya ƙara tsabta, dasashi kawai ya ke turawa baya.

Makilin mai fuloraid shi ne ya fi kome tsare haƙori daga ruɓewa, sai a duba jikin kwali a ga an rubuta. Yaron da bai kai shekara 3 ba a sa masa kamar ƙwayar shinkafa, daga 3 zuwa 6 kamar ƙwayar wake, babba yana tsaye kada ya haɗiye. In an gama a tofar, kada a bi da ruwa nan take, a bar maganin ya zauna.

Iyaye, ga wani abu da a ke yawan kuskurewa. In yaro ya kai wajen shekara 6, akwai turame huɗu da ke fitowa can ƙurya, bayan haƙoran yarinta, ba tare da wani ya faɗi ba. Mutane su kan ɗauka na yarinta ne, in sun ruɓe a ce ai zai famfare. Na manya ne, ba su da magaji. Yau in kun koma gida ku sa ɗanku ya buɗe baki a hasken rana, ku nemo su, ku duba ko akwai baƙin ɗigo a bisansu.

Tambayoyi

1. Haƙoran yaro nawa ne? Na babba fa?
2. Don me haƙoran mai guga da gawayi su kan ƙara rinewa bayan shekaru?
3. Yaran wani ƙauye duk haƙoransu da tabo iri ɗaya. Wa za a gaya wa, me kuma za a auna?
4. Ko wane ɗalibi ya ƙirga cokalin sukarin da ya sha jiya, daga safe har dare, ya rubuta adadin a allonsa.